Jinya Ba Ta Ƙarewa A Ranar Sallama

A watan jiya na je dubiya Hayin Dogo da ke Samaru, gidan wata gwaggona da ta haura shekara 60 a duniya. Kwananta 11 a gadon asibiti kafin a sallamo ta. Ciwon zuciya ne ya kwantar da ita, irin wanda likitoci ke cewa zuciya ta gaza harba jini yadda ya kamata. Ranar da aka kai ta ƙafafunta sun kumbura sun yi suntum, ba ta iya barci sai a zaune, taku biyar za ta yi sai haki ya tsayar da ita. Ranar sallama kuwa da ƙafarta ta fito, kumburi ya sace, numfashi ya daidaita, kowa na ta hamdala.

Mako guda bayan sallamar na shiga ɗakinta. Na tarar da kuloli jere a gindin gado: farfesun kayan ciki daga gidan surukai, miyar kuka da ta sha daddawa da dunƙule, kunun kanwa daga maƙwabciya, ga kuma wata gora ta jiƙo da wani ɗan uwa ya aiko daga ƙauye. Ledar magungunan asibiti tana rataye a ƙusa. Da na tambaye ta ko tana sha, sai ta ce, "Ina sha mana, ɗan nan, sai dai wannan ƙaramar ƙwayar na ajiye ta. Fitsari take sa ni, ba ta barina da alwala, ba ta barina barci. Ai kuma na warke." Na yi mata sannu, na ajiye ledar lemo da ayaba da na riƙo, na yi sallama. Ban ce komai ba, domin ni ma ban san abin da zan ce ba. Kwana tara bayan nan aka sake ɗaukar ta ranga-ranga cikin dare.

A wannan kwanciya ta biyu ne wata babbar ma'aikaciyar jinya, wadda furfura ta fara leƙowa ta gefen hularta, ta tara mu a bakin baranda. Ta ce, "Malam, ba ciwon ne ya ƙaru ba. Aikin da muke yi mata a nan ne ba a ci gaba da shi a gida ba." Wannan magana ta zauna mini a rai, ita ce kuma dalilin rubutun wannan mako.

Mu a ƙasar Hausa mun ɗauki ranar sallama a matsayin ranar warkewa. Ga mai zazzaɓin cizon sauro ko wanda aka yi wa aikin kaba, hakan na iya zama gaskiya. Amma akwai cututtukan da ba a rabuwa da su, zama ake yi da su: gazawar zuciya, hawan jini, ciwon ƙoda da ya daɗe, asma da sauran cututtukan huhu, da amosanin jini da muke kira sikila. Mai irin wannan larura asibiti ba ya raba shi da ita. Abin da asibiti ke yi shi ne ya ciro shi daga bakin rami ya ajiye shi a fili. Ko zai daɗe a filin ko zai sake gangarawa, wannan yana hannun wanda ke kula da shi kullum safe da yamma.

Yana da kyau mai karatu ya san abin da ma'aikatan jinya ke yi a ɗakin masu irin waɗannan cututtuka, domin da yawanmu allura da ɗaura ƙarin ruwa kawai muke gani. Likita yana zagaye ne sau ɗaya ko sau biyu a yini, ya duba, ya rubuta, ya wuce. Sauran sa'o'in duka na nas ne. Ita ke auna bugun jini da yawan numfashi da zafin jiki, ta maƙala wa majinyaci ɗan ƙaramin na'ura a yatsa ta ga yawan iskar oksijin da ke jininsa. Ita ke ɗora shi kan sikeli kowace safiya. Ita ke rubuta duk ruwan da ya shiga cikinsa, shayi ne ko kunu ko ƙarin ruwa, ta kuma auna fitsarin da ya fitar, ta haɗa lissafi bayan awa 24. Ita ke tayar da kan gado ga mai haki, ta juya wanda ba ya iya motsi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. In ana yi wa mutum ƙarin jini, ita ke tsayawa a kansa a mintuna 15 na farko, lokacin da jiki ya fi nuna alamar ƙin karɓa. Ba a cika ganin girman wannan aiki ba, saboda in ya yi kyau babu abin da ke faruwa.

Dalilin wannan awo da lissafi shi ne gaɓoɓin nan huɗu a ɗaure suke da igiya ɗaya. Zuciya na tura jini, huhu na zuba masa iska, ƙoda na tace shi ta fitar da ruwa da gishirin da suka yi yawa. Idan zuciya ta yi rauni, jinin da ke isa ƙoda ya ragu, sai ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Ruwan nan shi ke taruwa a ƙafafu da ciki, daga baya ya hau huhu, mutum ya ji kamar ana danna kansa cikin kogi. Hawan jinin da ba a kula da shi ba yana gajiyar da zuciya yana kuma lalata ƙoda a hankali. Ƙodar da ta lalace tana ƙara hawan jini, tana kuma jawo ƙarancin jini, domin ita ke samar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Ƙarancin jini kuma ya sa zuciya gudun da ya fi ƙarfinta. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Don haka idan mai ciwon zuciya ya ƙara kilo 2 cikin kwana uku, ba ƙiba ya yi ba, ruwa ne ke taruwa, kuma sikeli zai faɗa tun kafin ƙafa ta nuna. Ƙaramar ƙwayar da gwaggona ta ajiye, wadda aka fi sani da Lasix, aikinta ke nan, fitar da wannan ruwa. Fitsarin da ya dame ta shi ne alamar maganin na aiki. Da ta faɗa, da an nuna mata ta riƙa sha da safe don ta samu barcin dare.

Zariya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun a shekarun 1970 sunan garin nan ya shiga littattafan likitancin zuciya na duniya. Farfesa Eldryd Parry, wanda ya koyar da likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1969 zuwa 1977, da abokin aikinsa Neil Davidson, sun lura da yawan matan da ake kawowa asibiti makonni kaɗan bayan haihuwa, jiki a kumbure, numfashi da ƙyar. Sun bi diddigin mata sama da 200, suka wallafa sakamakon a 1978. An kiyasta cewa a Zariya ta wancan lokaci kusan mace ɗaya cikin kowace 100 da suka haihu na gamuwa da wannan gazawar zuciya, adadin da ya zarce na ko'ina a duniya. Abin lura shi ne ba su tsaya ga abin da suka gani a gadon asibiti ba, sai da suka tambayi abin da ke gudana a ɗakin mai jego. Nan suka tarar da wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, da kwanciya kan gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, da kunun kanwa da ake ɗirka wa mai jego don ta samu ruwan nono. Kanwa kuwa, duk da ba ta da ɗanɗanon gishirin miya, cike take da sinadarin sodiyom, wanda shi ne ke riƙe ruwa a jiki.

Binciken da aka yi daga baya a Kano, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya nuna cewa tushen cutar ya wuce al'adun jego kaɗai. Akwai rashin abinci mai gina jiki, da talauci, da hawan jinin masu juna biyu, da ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyom. Ilimi haka yake, na baya na gyara na gaba. Amma darasin da aka ɗauka a Zariya bai tsufa ba: rabin labarin majinyaci yana gida, kuma zuciyar da ta riga ta yi rauni ba ta da ƙarfin ɗaukar lodin gishiri da kanwa, ko ta mai jego ce ko ta tsohuwa irin gwaggona.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babban mutum mai lafiya ke ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Sai mu tambayi kanmu: dunƙule nawa ke shiga tukunyar miyarmu, bayan gishirin da aka riga aka zuba? Ga yaji na tsire da ƙuli-ƙuli, ga taliyar leda da garin ɗanɗanonta, ga kanwar da ake jefawa a wake da ɗanwake da miyar kuɓewa. Mai dubiya da ya kawo farfesu da kyakkyawar niyya ya zo, amma niyya ba ta rage gishirin da ke cikin kwano.

Akwai wani abu da ya fi wannan haɗari, shi ne shawarar maƙwabcin gado. Cututtukan nan sun yi kama a ido, amma dokokinsu na karo da juna. Mai sikila ana so ya sha ruwa da yawa, domin bushewar jiki na tayar masa da ciwon ƙashi, a kuma kare shi daga sanyi da zazzaɓi. Mai gazawar zuciya ko wanda ake yi wa wankin ƙoda, sau da yawa ƙayyade masa ruwan ake yi, har a ce kada ya wuce kaza a yini. Lemo da ayaba da dabino da tumatir abinci ne masu kyau ga yawancin mutane, amma ga wanda ƙodarsa ta gaza, sinadarin fotasiyom da ke cikinsu na iya taruwa a jini har ya rikita bugun zuciya. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, waɗanda ake saya a kemis ko a cikin haɗin da masu talla ke ƙullawa a leda, suna sa jiki riƙe ruwa, suna kuma ƙarasa ƙodar da ta fara rauni. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba ƙoda ce za ta tace shi. Abin da ya yi wa wani magani yana iya zama ajalin na kusa da shi.

Masu ciwon huhu su ma suna da nasu. Da zarar hunturu ya kama, ƙura ta lulluɓe hanyar Kwangila zuwa Samaru, sai ka ga an rufe ƙofa da taga an shigar da kaskon rushi ɗaki, an kunna maganin sauro mai hayaƙi, an ƙara da turaren wuta. Ga mai asma wannan ɗaki tarko ne, garwashi a rufaffen ɗaki kuma na iya kashe ko mai lafiya. Na ga mutane da dama da ke yawo da abin shaƙa na asma a aljihu amma ba su iya amfani da shi ba, suna fesawa a harshe maganin bai kai huhu ba. Minti biyar ya ishi nas ta koya musu. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa gwaji yake buƙata. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma a Saye, nan bayan garin Zariya, cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta take. Amma maganin na wata shida ne cur. Wanda ya ji sauƙi a wata na biyu ya ajiye, ya ba ƙwayar cutar damar ƙin jin magani, ya kuma jefa iyalinsa cikin haɗari.

To wa zai koya wa mutane duk wannan? A ƙa'idar aikin jinya, shirya majinyaci da danginsa domin komawa gida wani ɓangare ne na aikin, ana fara shi tun ranar kwanciya. Na san mai karatu zai ce ai nas-nas ɗinmu ba su da lokacin magana sai tsawa. Ba zan musa ba, akwai masu kaushin harshe a cikinsu, kuma babu uzurin wulaƙanta marar lafiya. Amma a wani dare da na kwana a wajen gwaggona na ƙirga ma'aikatan jinya biyu kacal a ɗaki mai gadaje fiye da ashirin, ɗaya na fama da wanda numfashinsa ke sarƙewa, ɗaya na neman jijiyar wani da hasken waya. Wanda ke cikin wannan hali, ina zai samu rabin awa ya zauna da dangi ya yi musu bayani?

Ƙarancin kuma ƙaruwa yake yi. A watan Fabrairun 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Ingila da Amurka da Kanada da Saudiyya na kwasar waɗanda muka horar, kuma ƙwararru ne ke fara tafiya, irin waɗanda suka san aikin ɗakin wankin ƙoda da ɗakin kulawa ta musamman. A ƙarshen watan Yulin 2025 ƙungiyar ma'aikatan jinya ta ƙasa ta shiga yajin aikin gargaɗi kan alawus da ƙarancin ma'aikata. Ba na ganin laifin wanda ya tafi neman abin da zai riƙe iyalinsa. Amma ko mun so ko mun ƙi, giɓin da suka bari dangi ne ke cike shi: 'ya ko ƙanwa ko matar ɗa da ke shimfiɗa tabarma a gefen gado, ta yi wanka da wanki, ta ba da abinci, ta yi safa da marwa tsakanin ɗakin magani da ɗakin gwaji. Mun riga mun mayar da su ma'aikatan jinya ba tare da mun koya musu komai ba.

Abin takaicin shi ne yankinmu bai rasa masana ba. Tun 1962 jami'a ke zaune a Samaru, tana da sashen nazarin aikin jinya. Asibitin koyarwarta ya koma mazauninsa na dindindin a Shika a 2005, tafiyar 'yan mintuna daga kasuwar Samaru. Ga makarantar horar da ma'aikatan jinya, ga asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga na Wusasa mai dogon tarihi, ga ƙananan asibitoci a Muciya da Cikaji da Hanwa da Basawa da Bomo. Amma tsakanin ilimin da ke cikin waɗannan gine-gine da tukunyar miyar da ke Hayin Dogo akwai rata mai faɗi, kuma a cikin ratar nan mutane ke mutuwa.

Shawarata ta farko ga shugabannin asibitocinmu ce. Kada a sallami mai ciwon zuciya ko ƙoda ko huhu ko sikila sai an zauna da mutum ɗaya daga danginsa, wanda zai riƙa kwana da shi, an yi masa bayani da Hausa, an kuma sa shi ya maimaita abin da ya ji. A ba shi takarda guda, da boko ko da ajami, mai ɗauke da sunan kowane magani da lokacin shansa da amfaninsa, abin da za a ci da wanda za a guje wa, yawan ruwan da aka yarda a sha, ranar dawowa, da alamomin da ba a jiran gari ya waye a kansu: haki a zaune, kasa kwanciya, ciwon ƙirji, raguwar fitsari sosai, ruɗewa, tari da jini, ko zazzaɓi ga mai sikila. Wannan takarda ba ta kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

Ta biyu ga malaman aikin jinya da ɗalibansu. Ɗaliban nan suna fita aikin sanin makama a unguwanni. Me zai hana a haɗa su da waɗanda aka sallama, su leƙa su a makon farko ƙarƙashin kulawar malamansu, su auna jini, su duba ƙafa, su buɗe ledar magani su ƙirga? Ɗalibi zai koyi abin da allo ba zai koya masa ba, majinyaci kuma ya tsira daga komawa gado.

Ta uku ga gwamnatin Jihar Kaduna da Ƙaramar Hukumar Sabon Gari. A tabbata kowane ƙaramin asibiti na mazaɓa yana da sikeli da na'urar awon jini masu aiki, da ranar da aka ware wa masu hawan jini da ciwon suga. Wankin ƙoda sau biyu zuwa uku ake yi a mako, kowane zama kimanin awa huɗu, kuma mun ga gidajen da suka sayar da gona da fili a kansa. Awon jinin da zai nuna ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, tun shekaru kafin ƙoda ta lalace, minti biyu yake ɗauka. A kuma ɗauki ma'aikatan jinya, a biya su abin da zai zaunar da su.

Ta ƙarshe gare mu ce, mu dangi da masu dubiya. Kafin ka ɗora tukunya don marar lafiya, tambayi abin da aka hana shi. In ba ka sani ba, kuɗin da za ka kashe a farfesu ka ba da shi a sayi magani. Kada ka ba wani maganin da ya yi maka amfani. In mai jinya ta ce Hajiya ba za ta sha kunun nan ba, kada a ce ta cika iyayi ko ta raina manya, amanar da aka ba ta take riƙewa. Kuma a riƙa karɓarta, domin mai jinyar da ta yi wata guda ba barci ita ma ta kusa zama majinyaciya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

An sake sallamo gwaggona. A wannan karon mun shiga kasuwar Sabon Gari mun sayo sikeli na tsayawa da littafin rubutu mai shafi arba'in. Jikarta, wadda ke aji biyar a sakandare, ita ke ɗora ta kan sikelin kowace safiya bayan ta zaga, kafin karin kumallo, ta rubuta kwanan wata da nauyi. Ana ɗibar mata miya kafin a zuba dunƙule. Tana mita, tana cewa mun mayar da ita buhun masara da ake aunawa kullum, abinci kuma salam kamar na gidan yari. Ranar Talatar da ta wuce sikelin ya nuna ƙarin kilo biyu, yarinyar ta kira ni, muka kai ta asibiti da rana tsaka a Keke Napep, aka gyara mata magani, muka dawo gida kafin la'asar.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.